Kwamfuta ko PlayStation: abin da mai son wasannin sara da suka zai auna kafin ya zuba kuɗinsa

A yawancin gidajen gem na unguwanninmu ƙwallo ce ke cin kasuwa, amma da wuya ka rasa talabijin ɗaya a lungu inda wani ya duƙufa kan God of War ko GTA, yara sun yi masa zobe suna kallo. Irin waɗannan wasanni, waɗanda kake ganin jarumin gaba ɗayansa a allo, kyamara na biye da shi ta baya yana sara yana tsalle yana goce wa hari, su ne suka fi sa mutum ya fara burin mallakar na'urarsa ta kansa. Dalili kuwa a fili yake: labari ne mai cin awa talatin ko hamsin, ba a gama shi da kuɗin zama ɗaya a shagon wani. Ranar da kuɗi suka taru sai tambaya ta taso: kwamfuta zan haɗa, ko PlayStation ko Xbox zan ɗauko?

Abin da ke sa gardamar nan ba ta ƙarewa shi ne tambayoyi biyu ake cakuɗawa wuri guda. Ta farko: da me za ka sarrafa jarumin, da hannun gem ko da kibod da maus? Ta biyu: wane inji ne zai ɗauki wasan? Mutane suna amsa ta farko su ɗauka sun amsa ta biyu, alhali kowacce da nata hukuncin.

A kan ta farko ba ni da wata tantama. Wasannin nan a kan hannun gem aka haife su, a kansa suka girma. A 1996 Nintendo ta fitar da Super Mario 64 tare da hannu mai ɗan sanda da ake murzawa da babban yatsa. A 1997 Sony ta kawo DualShock mai sanduna biyu, wanda daga baya aka daidaita a kan cewa ta hagu ta tafiya ce, ta dama ta juya kyamara. A 1998 wasan Zelda mai suna Ocarina of Time ya yaɗa dabarar kafe kyamara a kan abokin gaba, ka riƙa zagaya shi ba tare da ya ɓace maka ba. Devil May Cry ya biyo baya a 2001, God of War na farko a 2005, duka a PlayStation 2. Kusan duk wata ƙa'ida ta faɗan takobi da gatari da muke gani yau, a kan waɗannan maɓallan aka sassaƙa ta.

Bambancin ba na sabo kaɗai ba ne, yana cikin ƙirar kayan. Sandar hannun gem tana gane kusurwa, tana kuma gane yawan turawa: ka ɗan tura ta jarumi ya yi sanɗa, ka ƙara ya yi tafiya, ka kai ta ƙarshe ya ruga, kuma zuwa kowace fuska ka ga dama. Maɓallin kibod abu biyu kawai ya sani, an danna ko ba a danna ba, kuma haruffa huɗun da ake tafiya da su, W da A da S da D, fuska takwas kacal suke bayarwa. A wasan da kake kallo ta idon jarumi wannan ba ya damun kowa, tunda inda ka juya maus nan ne gabanka. Amma idan jikin jarumi yana gabanka, kana da abu biyu da za ka tafiyar a lokaci guda, jikin da kuma kyamarar, kuma sau da yawa ba fuska ɗaya suke kallo ba. Kana son ka mirgina hagu ta baya alhali idonka na kan dodon da ke dama. A nan sanda take nuna fifikonta. Wanda ya taɓa ƙoƙarin lilo tsakanin benaye a Spider-Man, ko bin siririyar katanga a Elden Ring da kibod, ya san ana iyawa, sai dai ana jin cewa ba don shi aka ɗinka rigar ba.

Sai dai akwai reshe guda da lissafin ke juyawa, wato inda bindiga ko baka ce makamin farko. Max Payne na 2001 a kwamfuta ya fara fita, kuma daɗinsa duka yana cikin saitin maus. Resident Evil 4, wanda a 2005 ya yaɗa ɗora kyamara a kan kafaɗar jarumi, da Red Dead Redemption 2, da Helldivers 2, duka maus ya fi sanda saurin kai saiti inda ake so. Shi ya sa masu ƙera wasa suke saka taimakon saiti a ɓoye ga mai riƙe da hannun gem: alamar saitin takan rage gudu in ta zo kan abokin gaba, ko ta ɗan manne masa. Ba laifi ba ne, amma wanda ya saba harbi da hannunsa yakan ji kamar ana riƙe masa gwiwar hannu.

To ga inda mutane da yawa ke kuskure. Fifikon hannun gem ba hujja ba ce ta sayen PlayStation, domin hannun yana aiki a kwamfuta. Na Xbox kana jona shi Windows ta gane shi, na PlayStation kuma manhajar Steam, babban shagon sayen wasannin kwamfuta ta intanet, tana karɓarsa. Mai kwamfuta yana da zaɓi biyu, ya yi faɗan takobi da hannu, ya koma maus in harbi ya zo. Abin da zai iya rasawa kaɗan ne, kamar motsin nan na musamman da taurin kunama na DualSense, hannun PS5, waɗanda a wasanni da yawa na kwamfuta sai an jona da waya suke aiki. Don haka tambaya ta farko ta faɗi, saura ta biyu, kuma ita ce mai wuyar.

Masu kwamfuta suna yawan kafa hujja da santsin hoto, kuma suna da gaskiya har zuwa wani wuri. Abin da muke gani yana motsi a allo jerin hotuna ne da ake sauyawa da sauri. In ana sauya 30 a daƙiƙa, kowane hoto yana tsayawa kusan kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa. In 60 ne, bai kai kashi 17 ba. A wasa irin Sekiro, inda rayuwarka ta rataya a kan tare takobin abokin gaba daidai lokacin da ya sauko, wannan ɗan bambancin yatsa yana jin sa ko da ido bai tantance ba. A zamanin PS4 yawancin manyan wasanni a kan 30 suke, kuma Bloodborne na 2015 har yau a nan ya tsaya. Lokacin, mai kwamfuta mai ƙarfi yana gaba nesa ba kusa ba. Amma tun da PS5 da Xbox Series suka fito a Nuwamban 2020, yawancin wasanni suna ba ka zaɓi tsakanin kyan hoto da gudun 60. Ratar ta ragu sosai. Kwamfuta tana iya haura 120, gaskiya ne, sai dai ba kowane wasa ne ke bari ba: Elden Ring da Sekiro an ƙayyade su a 60 ko da wane irin inji ka mallaka.

Abin da ya fi yawan hoto muhimmanci a wasan faɗa shi ne kada hoton ya yi tuntuɓe. Gara 60 da ba ta motsi a kan 100 da ke sarƙewa duk lokacin da sabon abu ya bayyana. A nan ne na'urar wasa take da wata fa'ida da ba a cika bayyana ta ba. Duk PS5 ta zamani ɗaya kayan cikinta iri ɗaya ne, don haka mai ƙera wasa yana shirya ƙananan umarnin da ke zana haske da inuwa da hayaƙi tun daga kamfani, ya aiko su a dafe. Kwamfutoci kuwa dubban iri ne, kowacce da katin hotonta, wato ɓangaren da ke zana abin da ake gani a allo, da manhajar da ke tuƙa shi, saboda haka dole kwamfutarka ta dafa waɗannan umarni da kanta. In wasan ya yi haka tun farko, za ka zauna jira kafin ka fara. In kuma ya bari sai ana cikin wasa, to karon farko da dodo ya feso wuta hoton zai ɗan daskare, kuma wannan daskarewar ta ƙiftawar ido ta isa ta kashe ka.

Tarihi ya nuna wannan ba tsoro ne na banza ba. Dark Souls ya zo kwamfuta a 2012 a gurguje, har sai da wani mai sha'awar wasan ya rubuta gyaran da ya buɗe ingancin hotonsa. Batman: Arkham Knight ya fito a Yunin 2015 da matsaloli masu yawa a kwamfuta har kamfanin Warner Bros ya janye shi daga kasuwa na wasu watanni. The Last of Us Part I ya iso a Maris 2023 yana sarƙewa yana rufe kansa, sai bayan jerin gyare-gyare ya daidaita. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba: God of War na 2018 da Ghost of Tsushima sun zo kwamfuta lafiya lau, kuma tun da Sony ta sayi kamfanin Nixxes na ƙasar Holan, mai aikin mayar da wasanni kwamfuta, a 2021 aikin ya ƙara kyau. Amma mai kwamfuta yana bukatar ɗabi'ar jira ya ji labari kafin ya saya, da haƙurin shiga saituna yana ragewa yana ƙarawa. Akwai wanda wannan gyare-gyaren shi ne rabin jin daɗinsa. Akwai kuma wanda ya dawo daga kasuwa a gajiye, awa ɗaya gare shi kafin barci, ba ya son ya kashe ta a kan neman dalilin da ya sa hoto ke rawa.

Sai batun jira. Manyan wasannin wannan fanni da yawa na Sony ne, kuma a gidanta suke fara sauka. God of War na 2018 sai Janairun 2022 ya zo kwamfuta. Ghost of Tsushima ya fito a 2020, ya zo a Mayun 2024. God of War Ragnarök ya ɗauki kusan shekara biyu, daga Nuwamban 2022 zuwa Satumban 2024. Rockstar, mai ƙera GTA, ma haka take yi: GTA V ya fito a 2013, masu kwamfuta suka same shi a 2015, kuma da aka sanar da GTA VI, PS5 da Xbox Series kawai aka ambata. Bloodborne bai taɓa zuwa ba, wasannin Nintendo kuwa ba a ma sa rai. Xbox ce ta fi rauni a wannan ma'auni, tunda Microsoft tana sakin wasanninta a kwamfuta rana ɗaya da na'urarta.

Duk abin da na faɗa zuwa nan, ɗan Landan da ɗan Kano ɗaya suke a kansa. Daga nan ne hanya ke rabuwa, kuma shawarwarin da ake karantowa daga waje ba sa lissafa abin da ya fi damun mu.

Wuta ce ta farko. PS5 tana jan wajen wat 200 in ana cikin babban wasa, Xbox Series S ba ta kai 100 ba. Kwamfutar tebur mai matsakaicin katin hoto takan ja 300 zuwa 400, kuma katin RTX 4090 shi kaɗai an ƙiyasta masa 450. Ga wanda ke kan sola da inbata, ko yake auna man janareta da lita, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Shi ne tsakanin wasan awa huɗu da na awa biyu a batir ɗaya. Duk abin da injin ya ja kuma zafi yake komawa, a ɗakin da a watan Afrilu ma'auni ke haura 40, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka. Ɗauke wuta ba sallama yana cutar da duka biyun, don haka kuɗin abin riƙe wuta na ɗan lokaci da na daidaita ƙarfinta suna cikin farashi, ko wanne ka zaɓa. Laftof ta wasa tana da batir, amma kada wannan ya ruɗe ka: da an zare ta daga caji take rage ƙarfinta, kuma batirin ba ya jimawa a babban wasa.

Data ce ta biyu, kuma a ganina ita ce ta fi kowacce nauyi. Red Dead Redemption 2 yana neman gigabait 150 a kwamfuta, God of War Ragnarök yana neman 190. A kwamfuta babu faifai yanzu, komai saukewa ake yi. Ka lissafa kuɗin wannan data, ka lissafa kwanakin da za ta ɗauka a layin da ke zuwa yana tafiya. Na'ura mai cin faifai tana tsallake mafi yawan wannan wahala. Wasannin Sony na mutum ɗaya galibi ana loda su daga faifai a buga har ƙarshe ba tare da intanet ba, ko da yake gyaran da ke biyo baya sai an sauke. Faifai kuma dukiya ce: ka gama ka sayar, ko ka yi musaya da aboki, ko ku haɗa kuɗi ku uku ku saya ku riƙa karɓa-karɓa. Wasan da ka saya a Steam yana maƙale da asusunka har abada. Saboda haka ina ganin kuskure ne mutuminmu ya sayi na'urar da ba ta cin faifai don ta fi araha. Series S ba ta da wurin faifai sam, PS5 Pro ma ba ta zuwa da shi sai an saya daban. Arahar ranar saye ce kawai, za a biya ta a data.

Akwai kuma matsalar da ba a faɗa wa mai saye a shago. Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da Sony ta buɗe wa hidimar asusunta ta PSN a hukumance. Shi ya sa kowa ke buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, yana sayen katin kuɗi na can. Yana aiki, amma da tarko: faifan wasa ba ya zaɓar ƙasa, sai dai ƙarin labarin da ake saya daga baya dole yankinsa ya dace da na faifan. Ka sayi faifan Turai ka biya ƙari a asusun Amurka, kuɗinka sun tafi. Wannan matsala ta taɓa tsallakowa kwamfuta ma. A Mayun 2024 Sony ta ce dole masu Helldivers 2 su haɗa asusun PSN, aka cire wasan daga kasuwar Steam a ƙasashe fiye da 170. Ihun 'yan wasa ya sa ta janye sharaɗin cikin kwanaki, amma an daɗe kafin a sake buɗe wa waɗannan ƙasashe sayen wasu wasanninta. Abin ya yi mini ciwo, domin ya nuna yadda ake yanke hukunci a kanmu ba tare da an tuna muna nan ba.

Ta fuskar kuɗi, na'urar wasa ta fi sauƙin shiga. PS5 mai faifai ta fito a kan dala 499, Series S a kan 299, ko da yake farashin ya hau daga baya maimakon ya sauka kamar yadda aka saba. Haɗa sabuwar kwamfuta da za ta yi daidai da PS5 yakan fi haka tsada, balle an ƙara allo. Inda kwamfuta ke ramawa shi ne a doguwar tafiya. Steam na yin ragi mai yawa sau da dama a shekara, tana kuma mayar da kuɗi in ba ka wuce awa 2 kana wasa ba cikin kwana 14 da saye. Shagon Epic yana raba wasa kyauta duk mako, har GTA V ya taɓa bayarwa a Mayun 2020. Wasa da mutane ta intanet kyauta ne a kwamfuta, a PlayStation kuwa yawanci sai da kuɗin wata na PS Plus. Tsofaffin wasanni ma ba sa mutuwa: Max Payne na 2001 yana nan ana bugawa, alhali PS5 ba ta karɓar faifan PS3. Na san da yawa za su ce ai a kasuwa ake loda musu wasa a banza. Ban da haƙƙin masu shi, kwafin sata hanya ce da aka sani ta shigar da manhajar ɓarna, kuma kwamfutar da kake buɗe asusun bankinka a kai ba wurin wannan kasada ba ne.

Hujja mafi ƙarfi da kwamfuta ke da ita ba ta wasa ba ce. Injin da zai ɗauki Elden Ring shi ne zai ɗauki haɗa bidiyo, da zanen gini, da koyon rubuta manhaja. Ɗalibi ko mai sana'ar da dole ya sayi kwamfuta ko ta yaya, ƙarin da zai yi ya samu mai katin hoto na kirki bai kai kuɗin sayen na'ura ta biyu ba. Shi wannan, shawararsa a yanke take: ya ƙara kuɗin, ya sayi hannun gem, ya haƙura da jiran wasannin Sony. Sai dai ya kula da tarkon da ya fi kama mutane a kasuwannin kwamfuta, daga titin Beirut a Kano har Computer Village a Ikeja: takardar Core i7 da ke manne a jikin laftof ba ta nufin za ta yi wasa. Laftof ɗin ofis da ake kawowa na hannu yawancinsu ba su da katin hoto mai zaman kansa, kuma shi ne ke ɗaukar nauyin wasa. A tambayi sunan katin da yawan ma'ajiyarsa. Gigabait 8 shi ne abin da sababbin manyan wasanni ke fara sakewa a kai. In katin na hannu ne, a gwada shi da wasa mai nauyi na rabin awa a gaban mai shago, domin da yawa sun sha aikin haƙar kuɗin intanet dare da rana kafin Ethereum, ɗaya daga irin waɗannan kuɗi, ta daina wannan tsari a Satumban 2022 a zubo su kasuwa.

Wanda kuwa wasan kawai yake so, musamman na takobi da gatari da dambe, ni na'ura mai faifai nake nuna masa, kuma PlayStation, don nan ne wannan fanni ya fi yalwa. Ba ma dole sai PS5 ba. PS4 ta hannu, wadda kuɗinta bai kai rabin na sabuwar PS5 ba, tana ɗaukar God of War na 2018 da Ragnarök, da Ghost of Tsushima, da Sekiro, da Bloodborne, da Elden Ring, da Red Dead Redemption 2, da Spider-Man na farko, da sabon Resident Evil 4 na 2023. Yawancinsu a kan hoto 30 za su tafi, lodi zai ɗan jima, kuma Spider-Man 2 da Black Myth: Wukong ba za su hau ba. Amma wannan jerin kaɗai ya isa ya cika shekara biyu ga mai aikin yi. In za a saya, a sa faifai a ga tana karantawa, a saurari fankarta bayan minti ashirin na wasa, a jijjiga wayar HDMI a hankali a ga ko hoto zai ɗauke, sannan a ajiye hannun a ƙasa ba tare da an taɓa shi ba a duba ko jarumi zai fara tafiya da kansa, domin sandar da ta fara gocewa ba ta daɗewa kafin ta nemi canji.